Dariyar da aka yi wa Osi Umenyiora ta ƙona min rai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Dariyar nan da mai gabatar da shirinku na wasanni ya yi ranar Asabar ita ta hana ni barci, shi ya sa na ɗauki waya nake rubuto muku. Bawan Allah ya kira, ya ce kun lissafo 'yan Najeriya da suka yi suna a waje amma kun tsallake Osi Umenyiora, ɗan wasan ƙwallon Amurka, sai kawai aka kece masa da dariya, wai ai wannan wasan ƙattai ne da ke bangaje juna, babu wata fasaha a ciki. Haba Malam! In mutum bai san abu ba, ai sai ya ce bai sani ba.

Shekarata 21 ina tuƙin tasi a New York, kuma ni ma da na zo haka na ɗauki ƙwallon Amurka, ture-ture kawai. Osi ne ya sa na fara zama ina kallo. A Landan aka haife shi, ya yi ƙuruciyarsa a Najeriya, sai da ya je sakandare a jihar Alabama sannan ya fara taɓa wannan ƙwallon. Ƙungiyar New York Giants ta ɗauke shi a 2003 daga jami'ar Troy. Aikinsa a layin gaba na masu tsaro yake, wato ya ratsa ta jikin wani basamude mai fiye da kilo 130, ya kai mai jifan ƙwallo ƙasa kafin ya sake ta, duk a cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka. A watan Satumba na 2007 sau 6 ya kayar da Donovan McNabb, mai jifan ƙwallon Philadelphia Eagles, a wasa ɗaya. Sau shida fa! A tarihin NFL kaf, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, mafi yawa da aka rubuta wa mutum ɗaya a wasa ɗaya shi ne 7. Wannan ne mutumin da aka yi wa dariya.

Ba zan manta daren 3 ga Fabrairu 2008 ba. Mun cika falon wani maƙwabcina, ɗan zangon Kumasi, a nan Bronx, tuwo ya huce a kwano babu mai kula shi. New England Patriots sun zo Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, ba a ci su ko sau ɗaya ba a wasa 18, kowa ya gama yanke wa Giants hukunci. Su Osi da Michael Strahan da Justin Tuck suka hana Tom Brady, mai jifan ƙwallon Patriots, sakat, sau 5 aka kai shi ƙasa a daren, aka tashi Giants na da 17, Patriots 14. Wani dattijo a cikinmu da bai san ko dokar wasan ba ya miƙe yana ta kabbara, hularsa ta faɗa cikin miya. Bayan shekara huɗu suka sake cin Patriots ɗin, 21 da 17. Kofi biyu ke nan. Sau biyu aka zaɓe shi cikin taurarin Pro Bowl, wato wasan fitattun 'yan wasan shekara, ya gama wasa da kayarwa 85, kuma Giants sun sa sunansa cikin gwarazansu na dindindin a 2015. A tsakani har kakar 2008 gaba ɗaya ya rasa saboda ciwon gwiwa, ya dawo ya ci gaba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ɗana na biyu a wannan layin yake wasa a makarantarsu, kuma yana mota tare da ni lokacin da aka yi dariyar. Ni nake kai shi atisaye cikin sanyin da numfashi ke fita kamar hayaƙi. Na ga yadda yake naɗe yatsunsa da filasta ɗaya bayan ɗaya, na ga yadda kocinsu zai sa su maimaita taku guda na ƙafar dama har sau talatin, don in ka sa ƙafa ba daidai ba an wuce ka. Wanda ya taɓa tsayawa filin kokawa a Dosso ko Sakkwato ya san ba ƙiba ke kayar da mutum ba. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, haka mutanenmu suke ganinmu?" Na rasa amsar da zan ba shi, na rage muryar rediyon kawai.

Kuma Osi bai manta gida ba. Yana cikin waɗanda suka kai sansanin neman matasa na NFL ƙasar Ghana a 2022. Ko wannan kaɗai ai ya isa a ba shi minti biyar a shirin, maimakon rabin sa'a kan cinikin 'yan wasan Firimiya da kowa ya riga ya gani a Facebook.

Sannan don Allah, tallan mai maganin basir ɗin nan da kuke sakawa sau huɗu a cikin shiri ɗaya, ƙararsa ta ninka ta shirin. Wani fasinja da na ɗauko ranar nan ya zabura har ya tambaye ni ko faɗa ake yi a rediyon. Ku rage masa sauti ko ku rage yawansa.

Ina jiran in ji an gyara maganar Osi a shiri mai zuwa, kuma a nemi afuwar wanda ya kira.

Naku mai sauraro kullum,
wani direban tasi daga Bronx, New York