Bizar Ziyara Ba Ta Komawa Bizar Karatu a Ingila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyaye kan wata magana da wasu dillalan biza suke yaɗawa, wai yaro zai iya shiga Ingila da bizar yawon buɗe ido, in ya sauka sai ya nemi gurbi a jami'a, a mayar masa da ita bizar karatu. Wannan magana ba ta da tushe, kuma abin takaici shi ne akwai iyayen da suke sayar da gona ko fili saboda ita.

Abin da dokar Ingila ta yarda da shi kaɗan ne. Mai bizar ziyara yana iya yin gajeren kwas da bai wuce wata 6 ba a makarantar da hukuma ta amince da ita, kuma da wannan 'yar dama ce dillalan suke fakewa. Amma digiri, ko akasarin karatun da ya zarce wannan wa'adi, yana buƙatar bizar ɗalibi, wadda ba a bayar da ita sai jami'a mai lasisi ta fitar wa ɗalibin lambar da ake kira CAS, wato shaidar cewa ta ɗauke shi karatu, ya kuma nuna shaidar kuɗin makaranta da na zama. Babban abin da ake ɓoye wa iyaye shi ne, wanda ya shiga a matsayin baƙo ba shi da ikon sauya bizarsa yana cikin ƙasar. Dole ne ya fito ya nema daga waje. Idan kuwa aka gano ya yi ƙarya kan dalilin tafiyarsa, ana iya hana shi shiga har shekara 10.

Amurka ma ba ta yarda a yi karatun digiri da bizar ziyara ba, sai da bizar ɗalibi, kamar wadda ake kira F-1, wadda ke buƙatar takardar I-20 daga makaranta, wato shaidar cewa ta ɗauki ɗalibin.

Saboda haka ina kira ga duk uban da aka zo masa da irin wannan tayi, kafin ya biya ko sisin kwabo, ya nemi a nuna masa takardar ɗaukar ɗansa, ya kuma tuntuɓi jami'ar da kansa ta adireshinta na intanet domin ya tabbatar daga gare ta takardar ta fito.

Na gode.

Wani malamin makaranta,
daga Zariya