A gwada baiwar yaro kafin a zaɓa masa aji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da iyaye kan wani hukunci da ake yankewa da gaggawa duk shekara, wato inda za a tura yaro bayan ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. A yawancin gidaje magana ɗaya ce: ajin kimiyya, don ya zama likita ko injiniya. Wanda bai samu gurbi ba a jefa shi ajin adabi ko na kasuwanci, makarantar fasaha kuwa sai wanda aka yanke wa ƙauna. Shekara uku bayan nan sai ga yaro ya kasa haɗa kiredit biyar, a sake biyan kuɗin WAEC da NECO, a zauna JAMB sau biyu sau uku, alhali tun yana ɗan shekara goma shi ke kwance rediyon gidan ya mayar ta yi magana. Baiwar tana gaban kowa, ba wanda ya tsaya ya gwada ta.

Sai dai a rarrabe tsakanin sha'awa da baiwa, don nan ne ake yawan ruɗewa. Yaro zai ce yana son gyaran waya saboda ya ga matasan kasuwar Farm Centre ta Kano da sabbin babura. Wannan sha'awa ce, kuma takan kau cikin mako biyu. Baiwa tana bayyana ne a abin da yaro ke komawa gare shi ba tare da an sa shi ba, da kuma yadda yake yi idan abin ya ɓaci. Wanda ya ɗinka aljihu ya ga ya karkace, ya farke da kansa ya sake, an ga alama. Haka yarinyar da ta ɗanɗana miya ta faɗi abin da ya yi kaɗan, ko yaron da aka aika kasuwa ya dawo da canji daidai har da ragin da ya nemo. Baiwar baki ma baiwa ce: mai iya yi wa ƙannensa bayani su gane, malami ne ko ɗan jarida ko ɗan kasuwa ke tasowa.

Lokacin gwaji shi ne dogon hutun da ke biyo bayan jarrabawar aji uku. A kai yaro wurin mai sana'ar da ake zaton ta dace da shi, na tsawon mako shida aƙalla, domin makon farko da na biyu ɗoki ne kawai. Uba ya je da kansa ya gaya wa maigidan wurin cewa gwaji ake yi, kuma ana son gaskiya ko ba daɗi. A mako na huɗu a koma a tambaya. Yana zuwa da wuri ko sai an taso shi? Yana tambayar dalilin abu, ko kwaikwayo kawai yake? Idan an gyara masa kuskure sau biyu yana sake shi? Tambayar da ta fi duka ita ce ko maigida ya fara sakar masa kayan aiki. Tela ba ya miƙa almakashi da shaddar mutane ga wanda bai yarda da idonsa ba, mai walda kuma ba ya ba da kan walda ga mai rawar hannu. Idan gwajin bai yi ba, ba asara aka yi ba, a gwada wata sana'ar a hutu na gaba. Kada kuma a tilasta gado da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan maƙeri yakan fito da hannun ƙira, yakan kuma fito da kan lissafi.

Muna jan kunnen iyaye a nan da babbar murya: gano baiwar hannu ba dalilin cire yaro daga makaranta ba ne. Tela da awo yake aiki, kafinta da kusurwa, mai haɗa wutar gida kuwa rayukan mutane ne a hannunsa. Waya mai lambar kauri 1.5 ta fitilu ce, soket yana son mai 2.5, abin dumama ruwa yana son wadda ta fi haka kauri. Wanda bai san dalili ba zai sa siririya inda ake jona dutsen guga saboda ta fi araha, wayar ta yi zafi a cikin bango, robarta ta narke, a wayi gari da gobara a ce tsautsayi. Haka mai haɗa sola da ya jona sabon batir da tsoho, tsohon ya janyo sabon ƙasa, wata kaɗan mai gida ya fara zagin kayan. Duk wannan ilimin aji ne, kuma ba kowane maigida ne ya san shi ba balle ya koyar.

Hanyar da ta haɗa biyun tana nan, mutane ne ba su santa ba. Kwalejojin fasaha na gwamnati suna ɗaukar ɗalibi bayan aji uku, ya yi shekara uku yana koyon sana'a tare da Turanci da lissafi, ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992. Ana karɓar sakamakonta wajen neman gurbi a manyan makarantu, don haka ƙofar kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a ba ta rufe ba. A Kano, hukumar da ke riƙe da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu ita ce ke riƙe da kwalejojin fasaha irin ta Wudil da ta Bagauda, amma dubi yadda iyaye ke turereniya a ƙofa ɗaya su bar ɗayar. Wanda ya ci gaba zai yi difloma ta shekara biyu, ya fita aikin sanin makama na shekara ɗaya, ya dawo ya yi babbar difloma ta shekara biyu. Hukumar NBTE mai kula da wannan fanni a Kaduna take tun 1977, a ƙofar gidanmu.

Wanda ya koya a bakin titi ko a Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, shi ma yana da hanyar samun takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai matakai uku, ana farawa daga na uku a ƙare a na ɗaya. NABTEB kuma tana da jarrabawar ƙarshen shekara ga waɗanda ba sa makaranta. Gwanaye da yawa kan raina takardar nan, har ranar da kamfanin gini ko ma'aikata za ta nemi shaida, a ba wanda bai kai su ba aiki su koma yi masa kwadago.

Koyo wurin maigida yana da ramin da ya cinye yara masu baiwa da yawa. A kai yaro da baki kawai, “ga ɗanka nan”, ya shafe shekara yana sayen abinci da share shago, har zuciyarsa ta mutu. Maganinsa yarjejeniya a rubuce a gaban shaidu biyu: shekara nawa za a yi, nawa za a biya, me zai iya a ƙarshen kowane wata shida, wa ke da alhakin magani idan ya ji rauni, yaushe za a yaye shi. A ɗinki, misali, wanda ya yi wata shida ya kamata ya iya sarrafa keke, ya yi kalmasa da aljihu, kafin shekara ta cika a fara nuna masa awo da yanka. Maigidan da ke ɓoye yanka har shekara biyu ɗan aike yake nema, a ɗauke yaron. 'Yan mata kuma a duba musu wurin da mace ke koyarwa ko inda iyaye za su iya shiga kowane lokaci, kada a taƙaita su ga kitso da lalle idan hannunsu ya nuna wani abu dabam.

Bayan yaye sai wahalar da baiwa ba ta magancewa. Gwani yakan yi farashi da kuɗin kaya kawai, ya manta zare da man janareta da haya da lalacewar keke da ladan kansa, ya riƙa cin uwar kuɗi yana zaton riba ce. Littafi guda na shige da fice, da ware kuɗin shago daga na cefane, sun isa su tsayar da wannan. Sai alkawari. Telan da ke gama kaftani uku a rana, kwana ashirin kafin Sallah kaya sittin ne iyakarsa, kuma ya kamata ya rage goma saboda ɗaukewar wuta da gyare-gyare. Idan ya karɓi casa'in saboda kuɗin kafin alƙalami, mutum talatin za su kwana a shagonsa daren Sallah, kuma baɗi ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, komai kyan ɗinkinsa.

Roƙonmu ga ma'aikatun ilimi na jihohi shi ne kowace ƙaramar sakandare ta kira iyayen 'yan aji uku taro a zango na biyu, a gayyato malamin kwalejin fasaha da masu sana'a biyu ko uku na unguwa, a raba fom ɗin shiga kwalejojin fasaha a rana ɗaya da na makarantun kimiyya.

Wassalam.

Daga wasu malaman koyar da sana'o'i,
Kano.