Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya ce da yunwar yara muke ci

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin rediyon da ka yi makon jiya ka ambaci sunana, ka ce in fito in gaya wa jama'a dalilin da ya sa ake ganin Plumpy'Nut, abincin maganin nan na ƙunshi, a kasuwannin Maiduguri alhali na yara masu tamowa ne. Da nan ka tsaya da na gode maka. Sai ka ɗora da cewa mu ma'aikatan agaji ba ma son yunwar ta ƙare, wai da ita muke ci. Wannan ce ta sosa mini rai, kuma da ita zan fara.

Saifura Hussaini Khorsa da Hauwa Mohammed Liman unguwarzoma ne da ke aiki da Red Cross ta duniya a garin Rann na jihar Borno. 'Yan Boko Haram sun sace su a Maris na 2018, aka kashe Saifura a Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba. Kafin nan, a Janairun 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na garin, cikin mamatan har da ma'aikatan agaji. Za ka iya tsayawa gaban iyayensu ka maimaita abin da ka faɗa? Mutum mai shekarunka da masu sauraro irin naka bai kamata ya nemi tafi da jinin waɗannan ba.

Sai maganar kasuwa. Gaskiya ne ana sayarwa, ban musa ba. Amma ka san yadda ƙunshin ke isa hannun uwa? Yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ana auna damtsensa da tef mai launi uku. In ya gaza santimita 11.5, ja ke nan, tamowa mai tsanani. Ana kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku; in wurin ya lotsa bai taso ba, akwai kumburi, ko da damtsen ya yi kyau. Daga nan a ba shi abincin a gaban ma'aikaci a ga ko zai ci. Wanda ya ƙi ci, ko yake fama da zazzaɓi mai zafi ko amai, asibiti za a kwantar da shi a fara masa madarar F-75, domin jikinsa ba zai ɗauki abinci mai nauyi ba tukuna. Wanda ya ci, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta amoxicillin, a ƙirga wa uwar rabon mako bisa nauyinsa. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Kwali na ɗauke da 150, kuma kusan kwali guda yaro ɗaya ke buƙata cikin mako shida zuwa takwas.

To uwar nan ta koma gida da ƙunshi ashirin, ga yara biyar ba su ga tuwo ba tun jiya. Wata za ta raba musu, wata za ta sayar da biyar ta auno masara. A mako na gaba sikeli ya nuna yaron bai ƙaru ba. Shi ya sa ake cewa ta dawo da ledojin da aka shanye, ake shafa wa yaron tawada a yatsa don kada a yi masa rajista a cibiya biyu. Maganin da ya fi aiki dai shi ne gidan gaba ɗaya ya samu hatsi ko kuɗin abinci, kuma wannan ya ragu da Amurka ta zabge tallafinta a 2025.

Akwai kuma ɓarayi a cikinmu, masu fitar da kwali daga sito. Ban kare su ba, kuma kora kaɗai ba ta ishe su ba.

Zancen jirage masu saukar ungulu da mu ma'aikatan agaji muke hawa ba zan daɗe a kansa ba. In damina ta sauka ruwa na datse hanyar Rann tsawon watanni, sai ta sama ake isa, ita kuwa tamowa a daidai lokacin take tsananta.

Abin da ban ji ka tambaya ba shi ne me ya sa yaron da ya warke yake dawowa bayan wata uku. Yana komawa ga ruwan da ya sa shi gudawa, ga ƙyanda babu rigakafi, ga uba manomi da ba ya iya wuce 'yan kilomitoci daga ramin tsaron gari. Manoman Zabarmari da suka fita yankan shinkafa a Nuwamban 2020 kowa ya san abin da ya same su. Rijiya da asibitin karkara da tsaron gona haƙƙin gwamnati ne, sai dai taɓa mu ya fi sauƙi, tunda mu ba mu da kujerar da za mu hana wani.

Kowane kwali akwai lambar rukunin da aka sarrafa shi a jikinsa, da ita ake gano siton da aka kai shi. In ka ga kwali cikakke a kasuwa, ka rubuto lambar da sunan kasuwar da ranar da ka gani, ka karanta su a shirin naka, ni kuma zan bi sawunsu in dawo maka da amsa a bainar jama'a.

Wassalam.