Godiya ga ma'aikatan gidan Monticello

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce ta fili zuwa ga ma'aikatan Gidauniyar Thomas Jefferson masu kula da Monticello, gidan Jefferson shugaban Amurka na uku, a kusa da Charlottesville, jihar Virginia ta Amurka, musamman masu zagayawa da baƙi. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Ni ɗalibin zanen gine-gine ne, to kun san irinmu da yawan tambaya, amma wallahi matar da ta zagaya da mu ko sau ɗaya ba ta nuna ƙosawa ba. Daga waje ta fara, ta ce mu ƙirga hawa nawa ne gidan, kusan kowa ya ce ɗaya, ashe hawa 3 ne, dabarar tana wajen tagogi, an haɗa na sama da na ƙasa sun zama kamar doguwar taga guda. Jefferson ya fara aikin gidan wajajen 1769 yana bin littattafan Palladio, mai zanen gine-gine ɗan Italiya, da ya je Faransa a 1784 ya ga Hôtel de Salm a Paris sai ginin ya shiga ransa, bayan ya dawo a 1789, a 1796 ya sa aka rushe wani ɓangare na gidan aka sake fasali, ba a kammala ba sai wajajen 1809. Daga nan ne ƙubbar saman gidan mai kusurwa 8 ta fito, ga ginshiƙai irin na tsohuwar Girka da Rum, hagu da dama daidai wa daida, shi ne gidan da ke bayan tsabar santi 5 ɗin Amurka. A 1987 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da Jami'ar Virginia.

Ciki kuwa abun kallo sai wanda ya gani. Agogon zaure da nauyinsa ke sauka a jikin bango yana nuna ranakun mako, da bango ya gaza sai aka huda daɓe ya wuce ƙasa, ranar Asabar tana can ƙarƙashin gida! Matattakalar bene dai ban yaba ba gaskiya, matsattsiya ce sosai, mai babbar riga sai ya tattare.

Abun da ya fi sa ni wannan rubutu shi ne ba ku ɓoye mana waɗanda suka yi aikin ba. Kun kai mu Mulberry Row inda bayi suka zauna suka yi aiki, inda yara ke wuni suna ƙera ƙusa, kun ambaci John Hemmings, kafinta bawa wanda hannunsa ke cikin aikin katakon gidan, kun faɗa mana mutum sama da 600 Jefferson ya bautar a rayuwarsa, kuma da ya mutu a 1826 da bashi a kansa, mutum 130 aka sayar. Ba kowane gidan tarihi ne ke faɗin irin wannan ba tare da kwana-kwana ba.

Tun 1923 gidan ke hannunku kuma kun riƙe amana. Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ƙarfin gwiwa.

Naku,
wani ɗalibi ɗan Kano mazaunin Virginia