Rahoton Ayyukan Ƙungiya na 2018: Mu da Masu Ƙasa kan Bututun Trans Mountain

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata, mazauna Vancouver da kewaye.

Hidimomin zumunci sun gudana bana yadda muka saba: buɗa-baki a watan azumi, walimar salloli biyu, tarbar sabbin ɗalibai, da ta'aziyya ga waɗanda aka yi wa rashi a gida. Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, su suka riƙe tukunya. Amma abin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne batun bututun mai, don haka a kansa zan tsaya.

Tun 1953 bututun Trans Mountain ke kwaso mai daga Edmonton a lardin Alberta zuwa Burnaby da ke gefen Vancouver a Kanada, tafiyar kilomita kusan 1,150. Kamfanin Kinder Morgan ya so ya shimfiɗa na biyu, ganga 300,000 a rana ta koma 890,000, jiragen dakon mai kuma su tashi daga biyar a wata zuwa 34. Duk ta mashigin Burrard za su bi, ruwan da al'ummar Tsleil-Waututh, 'yan asalin ƙasar, ke rayuwa a bakinsa tun kaka da kakanni. Su da al'ummomin Squamish da Coldwater suka ce ba su yarda ba, suka garzaya kotu.

Ranar 10 ga Maris mun shiga jerin gwanon da dubban mutane suka yi a Burnaby. A idonmu aka kafa ɗakin tsaro na katakon sida a kan tudun Burnaby, irin wanda kakannin 'yan asalin ƙasar ke ginawa don hangen abokin gaba. Bayan haka mun koma sau da dama da fulas ɗin shayi da bargo. Wata dattijuwa ta karɓi kofi da hannu biyu, ta tambaye mu sunan kogin garinmu kafin ta tambayi sunayenmu. Da wani ɗan uwa ya ba ta labarin Ogoni da rataye Ken Saro-Wiwa, mai fafutukar kare ƙasarsu daga ɓarnar haƙo mai, a 1995, shiru ta yi tana kallon wuta.

Kotu ta hana kowa matsawa ƙasa da mita biyar daga wuraren kamfanin, kuma an kama sama da mutum 200, har da 'yan majalisa biyu, Elizabeth May da Kennedy Stewart. Mun gargaɗi ɗalibanmu masu biza kada su tsallake wannan iyaka. Alhamdulillahi ba wanda aka kama a cikinmu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru ranar 29 ga Mayu. Da kamfanin ya ga rigima ta yi yawa ya nemi janyewa, sai gwamnatin firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ta sanar da sayen bututun kan dalar Kanada biliyan 4.5, da kuɗin harajin jama'a, har da namu. Gwamnatin da doka ta ɗora wa sauraron 'yan asalin ƙasa ita ce yanzu mai kayan. Ta yaya mai kaya zai zama alƙali a kan kayansa? Ranar 30 ga Agusta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta soke izinin aikin, ta ce tuntuɓar da aka yi ba ta wadatar ba, kuma ba a duba illar jiragen ga manyan kifayen orca ba. A ranar ce masu hannun jarin kamfanin suka amince da cinikin.

Ba zan ɓoye ba, kanmu bai haɗu ba. Muna da 'yan uwa da ke cin abinci a harkar mai a Alberta, sun kuma tuna mana cewa wasu al'ummomin 'yan asalin ƙasar sun sa hannu a yarjejeniya da kamfanin. Gaskiya suka faɗa, mun saurare su da mutunci. Matsayar da aka cimma ita ce: baƙi muke a ƙasar mutane, kuma wanda bututu zai ratsa ruwan shansa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa tun kafin a yanke.

Hukumar makamashi ta ƙasa za ta miƙa sabon rahotonta kan aikin bututun nan da 22 ga Fabrairun 2019. Za mu zauna a makon da ya biyo baya. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin lokacin.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya