Godiya ga ofishin hayar motar da ya kai mu Mambila cikin damina

Zuwa ga manaja da ma'aikatan ofishin hayar motoci da ke Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum.

Na yi muku godiya baki da baki ranar da na zo biyan cikon kuɗi, amma ban ga ta wadatar ba. Idan an cuce mu a garin nan, kafin magariba rabin unguwa ta ji labari. To tunda wannan karon kyautata mana aka yi, gara a ji shi a fili.

Ƙanwata tana aure a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, can saman tsaunin Mambila. Allah ya sauke ta lafiya a watan Agusta, haihuwar fari, kuma Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta je ta zauna mata wankan jego. Babu wanda ya isa ya ce da ita ta bari sai rani. Ga shi kuma tana fama da ciwon gwiwa, ba za ta iya zaman motar haya ba, inda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, a sauke ku a wannan gari ku nemi wata motar da kayanku a ka. Dole sai shata.

Kafin in iso ƙofarku na sha yawo, kuma na ga abubuwa. A wani wurin da na ambaci Gembu, sai mai ofishin ya ce: "Wadda ke gefen Gombe ko?" Kafin in gama yi masa bayani har ya yanke kuɗi, ya ce ba matsala. Mutumin da bai san ko gabas garin yake ko yamma ba, shi ne zai ɗauki uwata ya hau da ita dutse cikin ruwa. A wani wurin kuma aka nuna mini mota mai kyau, tana ta sheƙi, na ba da kafin alƙalami na tafi gida hankalina kwance. Ana gobe tafiya sai ga wata motar daban a ƙofar gida. Tayoyinta sun suɗe har zare ya fara leƙowa, waifa ɗaya ce ke motsi, ɗayar an ɗaure ta da roba. Da na yi magana yaron da ya kawo ta ya ce: "Haba Yallaɓai, ai Allah ne ke kiyayewa." Na koma neman kuɗina, aka yi ta yi mini gobe-jibi, ƙarshe aka ba ni wani abu aka riƙe wani abu, wai kuɗin wahala. Har yau ban gane wahalar wa ake nufi ba.

Da wannan zuciyar na shigo wajenku, na shirya faɗa tun kafin in yi sallama. Sai Alhaji manaja ya ba ni kujera, bai ambaci kuɗi ba, ya shiga tambaya: su wa za su tafi, shekarun Inna, ko tana da hawan jini, kaya nawa ne, gidan da za mu sauka a bakin kwalta yake ko cikin unguwa. Daga nan ya ce mini: "Malam, ƙaramar mota tana zuwa Gembu, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da damina, da tsohuwa a ciki, ba zan ba ka ita ba. Direban da ya san dutsen nan ya yi tafiya, sai ya dawo. In ba za ka iya jira ba, gara in rasa cinikin." Ya ƙara da cewa tun da ruwa ya karya gadar Namnai ta hanyar Jalingo zuwa Wukari a daminar 2024, ba ya tura mota Taraba a wannan lokaci sai ya bugo waya ya ji halin da hanya take ciki. A gabana ya buga. Sannan aka rubuta komai a rasit: kuɗin mai, kwanan direba da abincinsa, da wanda zai biya idan mota ta lalace a hanya. Ya ce a tanadi bargo da rigunan sanyi da safa. Da na faɗa wa Inna sai ta ce: "Bargo a watan Agusta? Wannan Alhajin da wasa yake."

Tafiyar ranar farko babu abin ba da labari. Pambeguwa, Saminaka, Jos, Bauchi, Gombe, Numan, muka kwana a Jalingo. Mota lafiya, an tsaya salla a kan lokaci, ba a ɗauki fasinjan hanya ba.

Direbanku nake so in tsaya a kansa. Dattijo ne marar yawan magana, ya daɗe yana bin hanyar Taraba, kuma yana jin Fulatanci, wanda a can ya fi Hausa da Turanci amfani a kasuwa da tasha. Bayan mun wuce Bali muka isa Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, sai na ga ya rage gudu yana ɗaga wa motocin da ke saukowa hannu, yana tambayarsu. A Mayo Selbe, gindin dutsen, ya faka ya kashe mota. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, saman tsaunin kuwa ko alamarsa ba a gani. Inna ta ƙagu ta ga jikanta, ta ce ai ruwa ba ya cin mutum a cikin mota. Sai ya juyo ya ce: "Inna, ki yi haƙuri. Jikan nan yana nan yana jiranki. Ni dai ba zan hau da ke ba sai na ga hanya da idona." Ya fita cikin ruwan ya samo mata shayi mai zafi, ya zagaya motar yana duba tayoyi da fitilu, ya dawo ya zauna. Ba mu motsa ba sai da ruwan ya koma yayyafi.

Da muka fara hawa na gane dalilinsa. Hanyar kwana ce bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami mai zurfin gaske a ɗaya gefen. Ruwa ya kwaso jar laka ya shimfiɗa a kan kwalta, a wasu wuraren da duwatsun da suka gangaro daga sama. Hazo kuma yakan rufe ku farat ɗaya har ka daina ganin ƙarshen bonet. Ya bar motar a giya ta biyu, fitila a kunne da rana tsaka, yana danna hon kafin kowace kwana saboda mai saukowa. Can Inna ta ce kunnuwanta sun toshe, ta fara tsorata ko jininta ne ya hau. Ya miƙo mata alawa ya ce ta tsotsa tana haɗiyar yawu, iskar sama ce ta fi ta ƙasa sauƙi, kowa ma yana jin haka. Gaskiyarsa kuwa. Zariya ba ta kai mita 700 daga doron teku ba, Mambila kuwa wajen mita 1,600 ce, kuma a wannan yankin ne, kan iyaka da Kamaru, Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Ni dai ban ga ƙwanƙolinsa ba, gajimare bai bari ba.

Daga Maisamari zuwa Nguroje duniya ta canza. Tuddai ne kore shar iya ganinka, ciyawa kamar an aske ta, shanu a warwatse, sai layukan itacen turare da ake shukawa a gefen gari. Direban ya nuna mana mararrabar Kakara, inda gonar ganyen shayin Highland Tea take, ya ce sanyin nan da ruwan nan su ganyen yake so, shi ya sa ba ka ganinsa a wajenmu. Damina a can ba irin tamu ba ce. Mu a nan hadari ya taso daga gabas, a yi iska, a zuba ruwa, anjima rana ta fito kowa ya koma harkarsa, kuma duk shekara abin da muke samu bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba. A can ya haura 1,800, yana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, bai ɗaukewa sai Oktoba ta wuce. Iskar da ta kwaso danshi daga teku idan ta iso tsaunin dole ta hau, tana hawa tana yin sanyi, sai ta sauke abin da ta ɗauko. Yini guda ana iya yin yayyafi ba tsayawa, gajimare yana yawo a tsakar gida. Wanki ba ya bushewa a igiya, kayan jariri ma a gefen murhu ake shanya su. Bargon da Inna ta yi wa dariya, da shi ta yi ta lulluɓa har cikin yini.

Gidan surukinmu yana cikin unguwa, hanyar kuma ta zama taɓo. Na riga na sa a raina cewa nan za a ce mini aikin direba ya ƙare a bakin kwalta, tunda abin da na saba ji ke nan. Shi kuwa ya ce mu zauna a mota, ya tafi ya dawo da wata tsohuwar Land Rover irin waɗanda suke ta aiki a can, ya yi cinikin da Fulatanci a gabana, ya faɗa mini abin da aka ce da Hausa, bai ɗora ko kwabo ba. Ya riƙe wa Inna lema har ta shiga, ya kwashi buhun gero da kayan yaji da kansa. Kashegari da asuba kuma ya aiko yaro da tambayar ko an ɗumama mata ruwan alwala, don gwiwarta ba za ta ɗauki ruwan randar Gembu ba. Wannan ba ya cikin rasit.

Bayan suna muka juyo ni da shi. A gangara bai dogara da birki ba, da giya ya riƙe motar, ya ce mai taka birki tun daga sama har ƙasa zai sa ya yi zafi ya daina kamawa a daidai inda ake bukatarsa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da wata mota a gefe, tayoyinta na gaba suna hayaƙi, mata da yara a tsaye cikin yayyafi. Ya tsaya, ya hana direbanta watsa ruwa a kan ƙarfen, ya ce a bar shi ya huce da kansa. Da muka iso Zariya kuma akawunku ya lissafa man da aka sha, ya mayar mini da rarar kuɗi. Na tsaya ina kallonsa, don ban tuna ranar da wani ofishi ya taɓa kirana in karɓi canji ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk abin da kuka yi ba wani abin al'ajabi ba ne. Taya mai kyau, direban da ya san hanya, da faɗin gaskiya kafin a karɓi kuɗi. Amma mun kai matsayin da sai mutum ya zauna ya rubuta wasiƙa idan ya samu haka. Motoci nawa ke tashi daga tashoshinmu kullum da tayar gwanjo da waifar da ba ta aiki, a cika su maƙil, a ɗora buhuna a sama? In abu ya faru a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta hana mutum sayen taya ba. Masu tsayar da mota a hanya kuma takarda suke dubawa da tafin hannun direba, ban ga wanda ya sunkuya ya kalli taya ba tun daga nan har Jalingo. Ita kanta hanyar dutsen abin tausayi ce. Yankin da ya zaɓi zama da Najeriya maimakon Kamaru a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, ga shayi, ga shanu, ga shekaru ana ta maganar madatsar wutar lantarki mai megawat 3,050, amma in ruwa ya yanke wannan hawan, mutanen sama sun shiga wani hali.

Ƙorafina ɗaya a kanku, Alhaji: mutum ɗaya ne a ofishinku ya san wannan dutse. Ku riƙa haɗa shi da wani matashi yana koyo, don kada mai larurar gaggawa ya zo ya tarar ba ya nan. Inna za ta gama arba'in kafin ruwan can ya ɗauke, kuma ta ce ba ta shiga motar kowa sai tasa. Zan zo mu tsayar da rana, don Allah kada a tura shi wani wuri a makon.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya tsare direbobinku a duk inda suke.

Naku,
Wani mazaunin Tudun Wada, Zariya.