Wasiƙa Kan Bangon Faifai

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, na san shiruna ya yi yawa, kuma abin da ya jawo shirun shi ne ya sa na zauna rubuta maka yau. Mawaƙin nan da ka haɗa ni da shi kafin tafiyarka ya kammala kundinsa mai waƙoƙi 12, ya kuma damƙa mini zanen bango da kwalin faifai da fastocin talla gaba ɗaya. Wata uku ke nan ba ni da wani tunani sai wannan, kuma kai da ka daɗe kana cewa ba na iya ajiye zane sai an ƙwace shi daga hannuna, ga shi maganarka ta tabbata.

Abin da ya fi damuna shi ne girman bangon. Sa'ad da mai zane Alex Steinweiss ya shawo kan kamfanin faifai na Columbia a wajajen 1940 cewa a riƙa yi wa faifan garmaho bango mai zane, abin da mai saye zai riƙe a hannu yake tunani, kuma babban faifan da kamfanin ya fitar a 1948 mai faɗin inci 12 ya ba masu zane fili wadatacce. Faifan CD da ya fito a 1982 ya matse filin zuwa santimita 12. Yau kuwa yawancin masu sauraro za su fara ganin aikina ne a fuskar waya, cikin manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify ko Apple Music, bai fi farcen babban yatsa ba. Masu rarraba waƙa kan nemi hoton murabba'i mai fiksel 3000, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo, a kowane gefe, amma a ƙarshe ɗan ƙaramin nan ne zai tsayar da yatsan mutum ko ya bar shi ya wuce.

A kan wannan muka yi ta kai ruwa rana da mawaƙin. Shi yana son a ga fuskarsa da makaɗansa biyar da kayan kiɗansu, har da sunayen waƙoƙi a gaba. Ban yi masa gardama da baki ba. Na zana masa yadda yake so, na rage shi zuwa girman da zai fito a waya, na miƙa masa, ya daɗe yana kallo bai iya gane fuskar kansa ba. Daga nan muka tsaya a kan abu guda: hannunsa riƙe da makirufo, a kan shuɗi mai duhu, da sunan kundin cikin manyan haruffa farare. Makaɗan sun koma cikin ɗan littafin da ke tare da faifan, inda kowannensu ya samu shafinsa da sunansa, kuma a ganina wannan ya fi girmama su.

Shuɗin nan ya ba ni wahala ƙwarai. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi daga ja da kore da shuɗi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take aiki, saboda haka abin da ke walƙiya a allo yakan mutu a takarda. Da gwajin farko ya iso, shuɗina ya karkata zuwa shunayya, sai da na rage jan da ke cikinsa har sau biyu kafin ya zauna. Na kuma bar rarar milimita 3 a kowane gefe domin kada wuƙar yanka ta bar farin layi, na tabbatar hotunan sun kai ɗigo 300 a kowane inci.

Sai kuma haruffanmu masu ƙugiya. Salon rubutun da na fi so ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, kuma an ba ni shawarar in bar su haka nan tunda kowa zai gane. Na ƙi, domin waƙa ta huɗu tana da kalmar ƙasa a sunanta, idan ƙugiyar ta faɗi ma'anar ta sauya. Na kwana biyu ina zana waɗannan haruffa da hannuna har suka yi daidai da 'yan'uwansu a kauri da tsayi.

Saura gefen kwalin, wannan siririn wuri da ake karantawa idan an jera faifai a kanta, da kuma inda lambar nan mai layi-layi da na'urar kanti ke karantawa za ta zauna a baya ba tare da ta danne sunayen waƙoƙi ba. Na haɗo maka hoton bangon da wannan wasiƙa. Ina roƙonka ka buɗe shi a wayarka kada ka faɗaɗa shi, ka gaya mini abin da idonka ya fara sauka a kansa, domin mako mai zuwa zan miƙa aikin ga maɗaba'a.

Ka gaishe mini da iyali.

Naka har kullum,
Amininka